Rufin Cocinmu

Guguwa ta kwashe rufin cocinmu, ta bar mu tsofaffi muna sujada ruwan sama na dukanmu. Tun shekarun da muka tura matasanmu tsibirin Samar na ƙasar Filifin su kafa coci, kujerunmu suke wayam. Na sha yi wa fasto ƙorafi: "Ka rabar mana da yara, wa zai binne mu?"

Sai ga kwale-kwale sun iso maƙil da gora da kwanon rufi. Ban san fuska ko ɗaya ba.

"Ku kuma 'ya'yan wa?" na tambaya.

Wata budurwa ta kama hannuna, ta ɗora a goshinta.

"Kaka, cocin da yaranku suka kafa shi ya haifi namu. Jikokinku ne. Ina za mu jingina tsani?"