Farin Gurbi a Gwiwar Rafi

"Malama, ba a bango ake kallon zane-zanen babana ba," in ji 'yar tsohon. "Sauko min da su ƙasa."

Shekara biyu ina koyar da zane a gidan kula da tsofaffi na garinmu, a yammacin jihar Queensland ta Ostareliya. Tsarina ɗaya ne: in jiƙa takarda, in miƙa burushi, in ce kada kowa ya yi tunani, a bar hannu ya yi tafiyarsa. Mahaifinta ya manta sunanta, duk da takan yi tuƙin awa shida ko zai gane ta. Amma kowace Talata sai ya cika takarda da jan fenti da karkatattun layuka. Na ɗauka launin kawai yake so.

Muka shimfiɗa takardun, ta tsaya a kansu ta ce:

"Shekara talatin yana korar shanu da jirgi mai saukar ungulu, daga sama ya san duniya. Ga busasshen rafinmu, ga shingen arewa."

"Ke baƙuwa, kauce, kina taka min gona," in ji tsohon, yana duban 'yar tasa.

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsinke. A kowace takarda, daidai gwiwar rafin, akwai ɗan farin gurbi da burushi ya kewaye bai taɓa ba.

"Nan jirgin yayana ya faɗi, nan ya rasu," ta ce a hankali. "Ni da nake rarrashin kaina cewa ko ya manta ni, ai ya huta da wannan."