Makunnin da Ya Ƙi Tsayawa a Gidan Bra Solly

Tun daga ɗufanar Annabi Nuhu, ruwa bai taɓa cin mutuncin ɗan Adam kamar yadda ya yi a gidan Bra Solly da ke Pretoria ba. Kwamin ruwan ɗumi ya huce, tafkin wanka ya fara kore, ga Kirsimeti a bakin ƙofa.

Akwatin da ke sarrafa su yana bayan gida, manne a bango, daf da shingen furannin da ya raba gidan da na maƙwabci. Shi ke tayar da injin tace ruwa, shi ke kunna hita da fitilun cikin tafki. To, makunnin kariyarsa ne ya koyi faɗuwa. Solly zai ɗaga shi da safe, da yamma ya tarar ya kwanta, injin ya yi tsit.

Matarsa Mmabatho da ma ba ta ƙaunar tafkin. Ta ce in danginta suka zo daga Polokwane suka tarar da ruwan kwaɗi, motar ƙasa za ta kira a cike ramin, ta shuka alayyafo. Ita kuwa ba ta magana biyu.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai shi ne maƙwabcinsu, Bra Zakes, dogon mutum mai kwarjini, mai furfura daidai misali, wanda in ya yi magana unguwa ke ƙaruwa. Kowace yamma a kwamin nan yake jiƙa gwiwarsa. Mutum ne mai kyauta: ba ya shigowa sai da ƙunshin biltong, busasshen naman da yake yi da hannunsa, wanda babu kamarsa a garin.

Aka kira Fanie mai gyaran wuta. Ya auna nan, ya auna can, ya ce hita ce. Aka sauya. Makunni ya tsaya ƙyam har la'asar, hadari ya taso, aka sheƙa ruwa, ƙas! Ya faɗi.

Fanie ya dawo ya cire wayar fitilu, ya ɗaga makunni. Ya faɗi. Ya kwance injin, ya busar, ya mayar. Ya faɗi. Ya sauya allon akwatin ɗungurungum, Solly na tsaye yana share gumi, Zakes na zaune a inuwa yana ba da shawara kyauta.

"Bra Solly, wannan yaron naka anya ba gyaran keke ya koya ba?"

"Maigida," in ji Fanie, bakinsa cike da naman Zakes, "ka bar ni da zafin kaina. Wani wuri wuta ke zurarewa cikin ƙasa in an yi damshi. Bari in tona gindin shingen nan."

Nan Zakes ya tuna da gamsheƙar da ya gani a wurin, kaurinta kamar damtsensa, mai tofi daidai ido. Fanie ya dubi shingen, ya dubi shebur, ya ce shi wuta ya karanta, ba maciji ba. Ya tattara kayansa.

Ranar da baƙi suka iso, tafkin ya zama miyar kuka. Surukin Solly ya leƙa, ya tambaya ko kifi suke kiwo. Mmabatho ta juya. Waya kawai ta ɗauka.

Bayan biki motar ta zo. Solly ya zauna kan kujerar roba yana kallon ƙasa tana haɗiye abin alfaharinsa. Zakes ya dafa kafaɗarsa, idonsa jawur, kowa na cewa ga aminin gaske. Fanie ya yanke wutar akwatin, ya ɓamɓare shi daga bango, ya tafi da shi.

Yanzu ku yi mini adalci. Gwiwata ta rasa ruwan ɗumi. Sannan babu wanda ya yi tunanin sanar da ni kafin a yanke wutar. Ni Zakes, da girmana da furfurata, sai wari ne ya gaya mini cewa wayar da na jawo daga akwatin Solly, na binne ta ƙarƙashin shingen nan zuwa na'urar busar da namana, ta mutu, cinyar bijimi guda ta ruɓe.