Ƙafar Alhaji Hashim

Buhun shinkafar garin Yagwa ya zamo daga saman tari ya dira a kan ƙafar Alhaji Hashim, har masu shagunan layin suka ji ƙarar. Léandre, maƙwabcinsa mai sayar da gyaɗa, ya rugo ya tare ɗan mashin zai kai shi asibiti. Alhaji yana zufa yana cije leɓe ya ce a kai shi gida.

"Alhaji, kashi ne ya karye fa," in ji Léandre.

"Ƙashi," Alhaji ya gyara masa. Ko a wannan azabar bai iya barin ta ta wuce ba.

Duk kasuwar garin Garwa ta Kamaru an san shi da wannan hali. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Kano, kuma a cikin gadon da ya bari babu abin da Alhaji yake ji da shi kamar harafin ƙa. A garin da Fulatanci da Faransanci suka cinye bakin yara, shi kaɗai yake gadinsa ba albashi. Abin takaicin, ɓarnar a cikin gidansa ta fi yawa. 'Yarsa Nasiha ta tashi tana kiran ƙofa kofa, tana kiran ƙanwarta kanwa, kamar wadda za a jefa a miya.

Ranar da Nasiha ta samu gurbi a jami'a a Ngaundare, ta kira shi a waya. Ya tambaye ta abin da za ta karanta. Ta yi ƙasa da murya, ta ce aikin lafiya ne, ɓangaren kashi.

"Ƙashi," ya ce.

"A'a Baba, kashi."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce Allah ya shirya wannan harshe, ya kashe wayar. Kafin la'asar kowa a layin ya san gidan Alhaji zai fitar da likitar ƙashi.

Daga nan bai zauna ba. Ya fasa bangon gidansa ya fitar da ɗaki mai ƙofa a titi, ya sa aka zana ƙatuwar ƙafa a jikin bangon. Bilya mai ɗori, wanda ya ɗora rabin unguwar da kara da tsumma, ya zama abin tsokanarsa kullum. Da ya gan shi sai ya ce masa ya fara neman wata sana'ar.

In Nasiha ta zo hutu ba ta son zancen makaranta, musamman a bakin abinci. Hannu kuwa takan wanke shi kamar za ta saɓule fatar. Da Alhaji ya matsa mata, sai ta ce su dai dubawa suke yi, launi da tauri da laushi, kuma sau da yawa ba sai majinyaci ya zo da kansa ba, aikowa yake yi da sassafe. Alhaji ya kai wannan labari kasuwa da zafinsa. Ya ce zamani ya kai inda mutum zai aika ƙashinsa asibiti shi yana gida yana shan shayi.

Saboda haka da aka kwantar da shi a zaure, magana ɗaya ya yi: ba mai taɓa ƙafar nan sai 'yarsa. Tana tsakiyar jarrabawar ƙarshe, saura kaɗan ta gama. Ta kira shi tana roƙo ya je asibiti, ta ce ita ba za ta iya ba. Ya ji daɗin wannan kunyar, ya ce haka masu ilimi suke, ba sa yabon kansu.

Ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. Bilya ya zo da karansa ya duƙa ya duba, ya ce in aka ƙara jinkiri ƙashin zai haɗe a karkace, in ma ba a kai ga yankewa ba. Alhaji ya tsorata, don shi ma yana ganin yatsunsa sun daina motsi. Amma ya tuna ƙafar da ke jikin bango da bakin 'yan kasuwa, ya sallami Bilya da goro.

Ranar da motar Ngaundare ta kawo ta, zauren ya cika. Masu ciwon baya da na gwiwa sun yi layi, Léandre ma ya zo da wuyansa da ya ƙage. Shi ya karɓi jakarta, zif ɗin ya buɗe, wasu ƙananan kwalaben roba suka gangaro, kowace da ɗan cokali a manne a murfinta. Aka tsince su ana sa albarka.

Nasiha ta durƙusa gaban mahaifinta ta yaye zanen da aka rufe ƙafar. Idonta ya ciko.

"Baba, ƙafar nan ta ƙara kumbura ƙwarai. Don me ka ƙi asibiti?"

Alhaji ya manta da ciwo. Ƙafa, ƙara, ƙwarai, ƙi, duk sun fito garau kamar a bakin kakansa. Ashe zamanta ɗaki ɗaya da wata 'yar Maraɗi a jami'a ya gyara abin da faɗansa ya kasa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Faɗa musu fanninki, Nasiha. Su ji yadda ake faɗinsa."

Ta dubi layin mutane, ta dubi kwalbar da ke hannun Léandre, ta sunkuyar da kai.

"Kashi, Baba. Tun ranar farko daidai nake faɗa."