Falke da Jakar da Ta Ƙi Shiga Ruwa

Tunda ka fara tara iyali, bari in ba ka wani misali. A zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayo goro, tun Nasara ba su zo ƙasar nan ba, an yi wani falke mai ɗa tilo. Tun yaron yana tatata Allah ya sa masa son kallon halittu. Sai ya wuni a bakin turke yana duban yadda jakarsu ke juya kunne, ko ya tsuguna gindin tsamiya yana kallon shamuwa tana jidar ƙirare. Uban kuwa abin nan yana ci masa tuwo a ƙwarya. A ganinsa, kamar yadda da yawa ke gani a lokacin, don kaya da wuƙa aka halicci dabba, ba ta da wani hankali sai wanda sanda ta ba ta, yaron da ke bin tsuntsu da ido kuma rago zai tashi. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kada ɗansa ya lalace. Ran da yaron ya sheƙo da murna yana cewa jaka ta san hadari tun bai taso ba, uban ya murɗe masa kunne, ya danƙa masa tsumagiya, ya tsaya a kansa sai da ya tsula wa jakar yana hawaye. Yau da gobe, hawayen suka ƙafe. Yaro ya zama saurayi mai zafin hannu, ko gauraka ta yi kuka bisa kansa ba ya ɗaga ido. Uban har alfahari yake yi a zaure, wai ya gyara shi.

Da ƙafa ta gaza wa falken, sai ya ɗora wa jakuna kanwa, ya sa ɗan cikin ayari, ya haɗa shi da tsohuwar jakar nan, wadda ta fi rabin fataken sanin hanya. Wata bakwai yana leƙen hanya. Farkon damina ayari ya dawo, ba ɗa, ba jaka. Madugu, wato shugaban ayarin, ya zauna gabansa ya yi masa gaisuwa, sannan ya faɗa masa yadda aka yi. A hanyar dawowa sun iso wani mashigi, ruwa bai wuce gwiwa ba, sama kuma garau. Saurayin ne a gaba, ɗokin gida na cinsa. Jakar ta turje, ta miƙe kunnuwa wajen da ruwan ke gangarowa, belbelun da ke bakin gaɓa suka tashi gaba ɗaya. Tsofaffin fatake suka ce a dakata. Ya yi dariya, ya ce ubansa ya koya masa ba a shawara da jaki. Ya yi ta zabgarta tana ja da baya, har ta gaji ta shiga. Suna tsakiya ruwan da aka yi can bisa duwatsu ya iso, ja wur, ɗauke da itatuwa. Kwana biyu ana bin gaɓa, ko hularsa ba a gani ba.

Falken bai yi kuka gaban mutane ba. Ya ce Allah ne ya ƙaddara, haka ne kuwa, amma ya san hannun da ya toshe wa yaron nan ido da kunne. Abin da ya fi cin ransa shi ne ɗan bai saɓa masa ba, biyayya ce ta kai shi cikin ruwan. Ni dai ban san baƙin cikin da ya kai wannan ɗaci ba. Don haka ka duba wajen da kake karkata naka tun suna ƙanana, inda ka karkata su nan za su bushe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.