Madubin Jacinta

Shekara shida Jacinta tana zayyana madubin na'urar hangen nesa da za a harba sama, mahaifiyarta ba ta taɓa tambayarta komai a kai ba. Yau da ta zo Kafanchan, Mama ta ajiye tsintsiya ta zauna kusa da ita.

"Da gaske zai hango abin da ke nesa?"

"Sosai, Mama! Har yadda tarin taurari suka fara, suka girma."

Daɗi ya kama Jacinta, ta buɗe zanen tana ta bayani. Mama ta riƙe hannunta.

"To ki roƙe su su juya shi dajin Jere. Ko gawar ƙanenki ce, in ga inda masu garkuwa suka bar ta."