Ɗinki Bakwai a Kafaɗar Janar

Tun kafin a gama kaɗa ƙararrawar coci Saje Firmin ya iso gidan marigayi Janar Maurevel, ƙafarsa ta katako tana ƙwanƙwasa dutsen tsakar gida. Tsofaffin mahaya huɗu na biye da shi. A rundunarsu, in janar ya mutu, waɗanda suka yi sukuwa a bayansa ne ke yi masa wanka, su sa masa kayan soja.

Firmin ba baƙin ciki kaɗai ya kawo shi ba. Shekara ashirin da biyar yana ba da labari guda a mashaya. Ranar yaƙin gada a ƙasar Rasha, Janar ya naɗe fuska da ƙyalle saboda sanyi, farin gashin jimina a kan kwalkwalinsa, ya ja mahaya ɗari uku cikin bakin igwa. An sare shi a kafaɗar hagu. Firmin ne ya ja shi bayan mataccen doki, ya tsinko izgar dokin ya ɗinke saran, ɗinki bakwai, na huɗun a karkace. Hafsoshi suka ɗauke Janar, igwa ta ɗauke ƙafar Firmin. Ƙanensa ma a gadar ya kwanta dama.

Mutanen gari sun daɗe da mayar da shi abin dariya. "Saje, bana ɗinkin guda nawa ne?" Sau uku ya je wa Janar don ya gaskata shi a bainar jama'a. Sau uku Janar ya cika masa kofi da ruwan inabi, ya koma zancen farashin hatsi. Firmin ya ce kunya ce irin ta manya. Yau dai zai nuna wa shaidu huɗu aikin hannunsa.

A bakin ɗakin da gawar take suka tarar da Barnabé, tsohon mai kula da barga, riƙe da bokiti a hannun dama.

"Ku bar mini wankan nan, Saje. Ni kaɗai zan yi."

"Kai?" Firmin ya dubi abokansa. "Ku ji mai kwasar kashin doki! Da an busa ƙaho sai ka ɓace, in an gama yaƙi a tsinto ka a keken dokin ɗaukar marasa lafiya kana nishi. Kauce, matsoracin banza."

Haka yake kiransa tun a Rasha, Barnabé kuwa bai taɓa ramawa ba. Abin da aka sani game da Barnabé bai taka kara ya karya ba. Baƙin ingarman Janar ba ya yarda da kowa sai shi, kuma a jikinsa tela ke gwada rigunan Janar, tunda tsayinsu ɗaya, maigida kuwa ba shi da lokacin tsayuwa.

"Don Allah, Saje," in ji Barnabé. "Don kanka nake faɗa."

Firmin ya ture shi ya shige.

Suka yaye mayafi, suka cire wa gawar riga. Firmin ya sunkuya kan kafaɗar hagu. Ya duba ta dama, ko tsufa ne ya rikita shi. Ya sa aka juya gawar. Fata fara sumul, ko ƙwarzane babu, kamar ta jariri.

Ba wanda ya yi dariya, shi ya fi yi masa ciwo. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya dafa shi. "Ba komai, Saje. Sanyin Rasha ya sa mutane da yawa ganin abin da babu."

"Na ɗinka!" Firmin ya daka tsawa. "Da hannun nan! Ƙafata na bari a can, ƙanena na bari a can! Wa muka bi, in ba shi ba?"

Ya juyo idonsa jajir, ya ga Barnabé tsaye da bokitinsa, yana dubansa da tausayi. Tausayin matsoraci ne bai iya haɗiyewa ba. Ya cakumi wuyan rigarsa ya fizga, tsohuwar rigar ta yage har hannu.

A kafaɗar hagu ta mai kwasar kashin doki akwai ɗinki bakwai, na huɗun a karkace.