Shafi Na Arba'in Da Ɗaya

Dakta, malamin da ke duba aikinta, ya zagaye shafi na arba'in da ɗaya da jan biro, ya turo wa Auta kundin a kan tebur.

"Wannan daga wane littafi kika kwaso shi?"

Auta ta ƙura wa shafin ido. Wata bakwai ke nan tana fama da bincikenta na kammala digiri a kan mata masu ɗinki a gida, sau huɗu kuma Dakta yana dawo mata da shi jajir, kamar an yanka kaza a kai. Ita dama tun ajin farko ta yanke wa kanta hukuncin cewa rubutu ba nata ba ne.

"Sauran shafukan na yarda naki ne, don babu mai hankalin da zai saci wannan kwamacala," in ji Dakta. "Amma wannan, wanda ya san abin da yake yi ne ya rubuta shi. Ki kawo min littafin ranar Alhamis, ko ki yi bayani a gaban kwamiti."

Kowa ya san hukuncin satar rubutu. Kora ce, shekara huɗu ta tashi a banza.

A gida ta tarar da Inna a kan keken ɗinki, tana kai ƙarshen wata riga. Da wannan keken aka yi wa Auta karatu. Ta kasa haɗa ido da uwar, ta shige ɗaki ko abinci ba ta taɓa ba.

Wata ƙawarta ta ba ta shawara a waya: ta cire shafin, ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri. Auta ta cire shi. Ta mayar. Ta sake cirewa, sai ta zauna a bakin gado ta karanta shi a hankali. Tsoro bai sake ta ba, amma ta karanta shi har sau uku. Kwana biyu ba ta leƙa laburare ba.

Ranar Alhamis da safe ta ja aljihun keken ɗinkin, ta ɗauki wani abu ta cusa a jaka.

"Ke Auta, ki dawo min da shi kafin azahar, mutane za su zo," Inna ta ce.

A ofis ba ta durƙusa ba. Ta ajiye tsohon littafin awon Inna mai tabon man keke. Dakta ya buɗe. Awon kafaɗa, awon ƙugu, tsawon hannu. Can tsakiya ga shafin nan da fensir, da rubutun hannun Auta, an soke, an gyara, an sake sokewa. Ya daɗe yana dubawa.

"Ina roƙon wata biyu, Dakta. Zan sake rubuta kundin daga farko. In kuma kwamitin ne, zan je."

Ya cire tabarau. "Kwamitin me kuma? Ai kin wanke kanki."

Auta ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wannan shafin kaɗai na rubuta da kaina. Sauran ne na kwaso."